Sibakasi, Garin da Ke Cin Abinci da Wuta

A kudancin Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, akwai wani gari mai suna Sibakasi wanda ake ƙiyasin daga shi da ƙauyukan kewayensa ne kusan kashi 90 cikin ɗari na kayan tartsatsin wutar ƙasar ke fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan bikin Diwali a talabijin, daren da sararin Delhi ko Mumbai ke komawa ja da kore da fari, to aikin hannun mutanen wannan gari ya gani. Wani ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar sinadarai a wata jami'a ta yankin ne ya matsa mini lamba, ya ce tunda wata hidima ta kawo ni Madurai, bai kamata in koma gida ban ga inda ake sarrafa abin da yaranmu ke kira nokawut ba.

Daga Madurai zuwa Sibakasi tafiyar kamar kilomita 75 ce, ta babban titin da ya ratsa Tirumangalam ya nufi Birudunagar. Idan mutum ya bar Madurai da cunkosonta da dogayen hasumiyoyin wurin bautar Minakshi, sai ƙasa ta buɗe fetal, busasshiya, baƙar laka mai tsattsagewa, ga ƙayoyi ga darbejiya ga wata irin giginya da jihar ta ɗauka a matsayin itaciyarta.  Wannan bushewar ƙasa ce silar sana'ar garin. Noma ba ya riƙe mutane saboda ƙarancin ruwan sama, ita kuwa sana'ar albarushi babu abin da take so irin rana da busasshiyar iska. A 1922 wasu 'yan uwa biyu, Ayya Nadar da Shanmuga Nadar, suka tafi Kalkata suka koyo yin ashana, suka dawo suka kafa masana'anta. Daga ashana aka gangaro kan tartsatsin wuta, daga buga takardar kwalin ashana kuma aka samu sana'ar ɗab'i, har yau kalandun da ake rataye a gidajen Indiya da yawa a nan ake buga su.

Mun shiga garin ana saura 'yan makonni Diwali, lokacin da kasuwa ta fi tashi. Tun daga bakin gari shaguna ne jere a gefen titi, kowanne an loda kwalaye masu hoton dawisu da zaki da 'yan fim har rufi, manyan motoci na ta lodi. Sai dai ba a cikin gari ake haɗa kayan ba. Masana'antun, waɗanda yawansu a gundumar Birudunagar ya haura dubu, suna warwatse ne a dawa, nesa da gidaje.

Da na ji an ce masana'anta, na zaci zan ga ƙaton gini da injina da hayaƙi. Abin da muka tarar fili ne mai faɗin gaske, an kewaye shi da waya, a ciki an yi ƙananan ɗakuna rututu, kowanne a ware da ɗan'uwansa da tazara mai yawa. Tun a ƙofa mai gadi ya karɓe wayoyinmu, ya tambaya ko akwai mai ashana, ya duba ƙasan takalmanmu ko da ƙusa. Shugaban ma'aikatan, wani dattijo mai farin gashin baki, ya kai mu ɗaki na farko. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, amma ƙofofinsa a kowane ɓangare suke, dukkansu waje suke buɗewa, kuma a buɗe suke. Babu ƙwan lantarki, babu fanka, babu waya ko ɗaya a bango. An shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa. Mata huɗu na zaune a kai suna cusa lagwani cikin ƙananan bututun takarda da aka ɗaure da zobe, hannuwansu na tafiya da saurin da ido ba ya iya bi. Dattijon ya ce doka ta ƙayyade yawan mutanen da za su zauna a ɗaki da nauyin garin da za a shigo da shi. Hikimar ƙananan ɗakuna ita ce idan ɗaya ya tashi, ya tashi shi kaɗai. Hikimar yawan ƙofofi kuwa, kowa ya samu ta gudu.

A bakin ɗakin haɗa gari, wanda aka kewaye da katanga mai kauri, akwai faifan jan ƙarfe da aka haɗa da ƙasa. Duk mai shiga sai ya ɗora tafinsa a kai. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ka san ƙarar nan ta tas-tas da rigar leda ke yi idan mutum ya tuɓe ta da daddare lokacin hunturu, har ya ga ɗan haske? To wannan ɗan hasken ya isa ya tashi ɗakin nan." Shi ya sa ba a shiga da tufafin roba sai na auduga, kuma ludayi da rariya da ma'auni duk na katako ne ko tagulla, domin baƙin ƙarfe idan ya gogi dutse yana fitar da tartsatsi. Mutumin da ke haɗin ya fito shan iska, sai na ga tun daga gashin kansa har yatsun ƙafarsa ya koma launin azurfa, idanunsa kaɗai ke nuna mutum ne. Garin alminiyam ne ya lulluɓe shi. Ƙyalle kawai ya ɗaure a hanci.

A inuwar wata darbejiya yaron nan ya warware mini kimiyyar abin. Kowane tartsatsin wuta haɗi ne na abin da ke ci da wuta da abin da ke ba wutar iskar oksijin. Itace a murhu daga iskar sarari yake samun oksijin, shi ya sa yake ci a hankali. Shi kuwa albarushi da guzurinsa yake tafe: gawayi da farar wuta su ne makamashi, gishirin fotasiyam naitiret ne ke ba su oksijin daga cikin haɗin kansa. Saboda haka idan ya kama, rufe shi da bargo ko yashi ba ya kashe shi, don ba ya bukatar iskar waje. Sinawa ne suka gano wannan haɗi fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma shi ne dai maharbanmu da 'yan bindigar sarki ke ɗurawa a bindigar toka. Ƙarar nokawut kuwa daga garin alminiyam take, wanda ke ƙonewa cikin ƙiftawar ido, iska mai zafi ta kumbura ta fasa takardar da aka naɗe shi da ita.

Launuka daga gishirin ƙarafa suke fitowa. Idan zafi ya bugi ƙwayar zarrar wani ƙarfe sai ta ɗauki ƙarfi, in ta sake shi sai ya fito a matsayin haske, kuma kowane ƙarfe da irin nasa. Sitirontiyam na ba da ja, bariyam kore, sodiyam rawaya, kalsiyam ruwan lemo, alminiyam da magniziyam fari tas. Shuɗi ne ke ba masana wahala har gobe. Daga jan ƙarfe yake fitowa, amma sinadarin da ke ba da launin yana wargajewa idan zafi ya yi yawa, in kuma zafin ya gaza hasken ba ya fita. Don haka masu sana'ar ke auna gwanintar mutum da kyan shuɗinsa.

Launukan nan ba su daɗe a duniya ba, kuma da jini aka saye su. Ƙarnuka da dama tartsatsin wuta bai wuce ruwan zinare da fari-fari ba. A ƙarshen ƙarni na 18 wani masanin Faransa, Berthollet, ya samar da fotasiyam kulorat, wanda ke sakin oksijin da sauƙi fiye da naitiret. A 1788 aka gwada yin albarushi da shi a masana'antar Essonnes, shahararren masani Lavoisier na wurin, haɗin ya tashi ya kashe mutum biyu. Duk da haka a shekarun 1830 masu sana'ar a Italiya suka yi amfani da shi wajen fito da ja da kore masu haske. Aibin kulorat shi ne idan ya haɗu da farar wuta, ɗan gugar da bai taka kara ya karya ba kan tayar da shi. Indiya ta hana wannan haɗi a 1992, amma saboda araharsa da ƙarfin ƙararsa wasu ba su daina ba. A ranar 10 ga Afrilu 2016, a wurin bautar Puttingal da ke jihar Kerala, ana gasar tartsatsin wuta ba da izinin hukumar gunduma ba, wuta ta faɗa rumbun da aka tara kayan, mutum fiye da ɗari suka mutu. Bincike ya gano kulorat a cikin kayan.

Washegari muka ziyarci wani ɗakin gwaji. Sibakasi na da cibiyar bincike kan tartsatsin wuta a ƙarƙashin PESO, hukumar da ke kula da man fetur da abubuwan fashewa, wadda hedikwatarta ke Nagpur, kuma malaman kwalejin injiniya ta Mepco Schlenk da ke wajen garin sun wallafa bincike da dama kan haɗarin garin da ake amfani da shi a nan. Gwaje-gwajen ba su da wani ɗaurin kai. Akwai na'urar da ake zuba ɗan mitsitsin gari a ƙarƙashinta, a saki guduma daga sama, ana ƙara tsayi har a ga inda zai fashe. Akwai wadda ke goga garin tsakanin tangaran biyu ana ƙara nauyi. Akwai mai ɗumama shi sannu a hankali tana rubuta zafin da ya fara ci da kansa, akwai kuma mai harba masa ɗan tartsatsin lantarki. A gabana aka saki gudumar kan garin da bai kai cikin farce ba, ya ce tau, har sai da na ja da baya. Daga irin wannan aiki aka tabbatar cewa gwargwadon laushin garin alminiyam, gwargwadon saurin kamawarsa, kuma ɗan tsakuwa ko yashi a cikin haɗi na ƙara masa haɗari ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun ruwa. Hankali zai ce jiƙaƙƙen gari ya fi aminci, ashe ba haka ba ne. Idan danshi ya shiga haɗin alminiyam da naitiret, sai su fara cin juna a hankali suna fitar da zafi da warin amoniya, tulin ya yi ta ɗumi daga ciki har ya kama da kansa ba wanda ya taɓa shi. Don rage wannan ake zuba ɗan sinadarin borik asid. Don haka kuma ƙa'ida ta ce a yi haɗi da sassafe kafin rana ta yi zafi, a haɗa iya na ranar, abin da ya rage a kai shi ramin ƙonawa, kada ya kwana.

To idan an san duk wannan, me ya sa kusan kowace shekara sai an ji labarin fashewa a gundumar? A ranar 5 ga Satumba 2012, a ƙauyen Mudalipatti, wata masana'anta ta tashi, kimanin mutum 40 suka mutu, da yawansu mutanen ƙauye ne da suka rugo bayan fashewar farko, ta biyu ta rutsa da su. Hukuma ta riga ta dakatar da lasisin wurin kafin abin ya faru. A Fabrairun 2021 a Acankulam, fiye da mutum 20 suka rasu. Na yi wa dattijon nan wannan tambaya, amsarsa ba ta da alaƙa da kimiyya. Ya ce mai lasisi kan ba da hayar ɗakunansa ga 'yan kwangila, abin da doka ta hana. Ɗan kwangila ya biya haya, dole ya fitar da kuɗinsa kafin Diwali. Sai a zuba mutum goma a ɗakin mutum huɗu, waɗanda ba su samu wuri ba su zauna gindin itace da gari a gabansu, a bar ragowar haɗi ya kwana don ana ganin asara ce a ƙona shi. Su kuma ma'aikata ana biyansu ne gwargwadon abin da hannunsu ya yi, saboda haka duk wanda ya tsaya bin ƙa'ida cikinsa ne zai gaya masa. Gaggawa aikin shaiɗan, in ji Hausawa, kuma a nan gaggawar ce ake biya wa lada.

Bincike mafi suna a wannan fanni a Indiya ta wata ƙofa ya shigo. A 2015 aka shigar da ƙara Kotun Ƙoli da sunan wasu jarirai uku na Delhi, iyayensu na cewa hayaƙin Diwali na cutar da huhun 'ya'yansu. A 2017 kotun ta hana amfani da dalma da zaiba da asinik da antimoni da litiyam. A ranar 23 ga Oktoba 2018 ta hana gishirin bariyam, ta hana dogayen nokawut ɗin da ake ɗinkewa a jere, ta hana sayarwa ta intanet, ta ƙayyade wasan Diwali daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, ta ce kuma sai kayan da aka rage wa hayaƙi kaɗai za a riƙa yi. Bariyam guba ne da ke taɓa tsoka da bugun zuciya, amma a Sibakasi shi ne gishirin miya, domin bayan launin kore, shi ke ba da oksijin a kayayyaki da yawa. Masana'antu suka rufe na tsawon watanni, dubban ma'aikata suka zauna babu aiki. Cibiyar binciken muhalli ta NEERI da ke Nagpur ce ta fito da sababbin haɗe-haɗe uku, SWAS da STAR da SAFAL. Na farkon yana sakin tururin ruwa da ke danne ƙura, na ƙarshen an rage masa alminiyam. Cibiyar ta ce suna rage ƙurar hayaƙi da kimanin kashi 30 cikin ɗari. A shagunan garin na ga kwalaye masu koren tambari da lambar da ake ɗauka da waya don tantancewa, sai dai wani mai shago ya yi dariya ya ce a garin da ya ƙware da ɗab'i, buga tambari ba wuya ba ne.

A Turai da Amurka ma binciken ya karkata ne ga abin da ke sauka bayan an gama kallo. Fakulorat, wanda ya maye gurbin kulorat saboda ya fi shi haƙuri, yana narkewa a ruwa, kuma yana hana ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro ɗaukar aidin, wato hanyar da ke kaiwa ga maƙoƙo. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta gano shi a ruwan da ke kewayen dutsen Rushmore, inda aka yi shekaru ana wasan wuta. Masana irin su Thomas Klapötke na jami'ar Munich da Jesse Sabatini da ya yi aiki da sojan Amurka sun yi ta neman madadi, har a 2011 aka nuna cewa sinadarin boron kabaid na iya ba da kore ba tare da bariyam ba.

Wannan duka aiki ne mai kyau, amma na bar Sibakasi da ganin cewa an fi kula da huhun mai kallo a kan hannun mai yi. Hayaƙin Delhi ya samu lauyoyi da Kotun Ƙoli da cibiyar bincike. Matar da ke zaune kan tabarmar roba ba ta bukatar sabon sinadari. Abin da zai mayar da ita gida lafiya an san shi tun kafin a haife ta: kada a cika ɗaki, kada gari ya kwana, kada a ba da hayar lasisi, a samu isassun masu duba aiki waɗanda ba a saye su. Ilimin yana nan a rubuce, kuɗin bin sa ne ba a son biya.

Mu ba ma yin waɗannan kaya, amma muna sayensu muna tarawa, kuma tarawar ce ke kisa. A watan Mayun 2000 wani rumbun tartsatsin wuta da ke tsakiyar unguwa a garin Enschede na ƙasar Holan ya tashi, mutum 23 suka mutu, unguwar ta zama kufai. A ranar 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar nokawut a yankin kasuwar Jankara ta Legas ya kama, wutar ta ci gine-ginen maƙwabta, mutane da dama suka jikkata. Kusan duk ƙarshen shekara 'yan sanda na sanar da hana nokawut, amma ana sayar da shi a kan tebur, kuma yanzu ya shiga bukukuwan aure da na Sallah. Katan-katan ɗin da a Sibakasi ba a yarda a kusance su da waya a aljihu ba, a kasuwanninmu ana jibge su kusa da janareta da galan ɗin fetur.

Ɗan kasuwar da ke da wannan haja ya raba ta da cikin kasuwa da gidan kwana, ya nisanta ta da danshi da zafi da mai. Iyaye su sani cewa ɗan tsinken nan mai tartsatsi da ake miƙa wa yaro yana ci da zafin da ya haura digiri 1,000. Nokawut ɗin da aka kunna bai tashi ba kada a leƙa shi, kada a sake kunna shi, a ba shi lokaci sannan a tsoma shi cikin bokitin ruwa. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na kamar minti 20 a nufi asibiti, ban da shafa man goge baki ko ƙwai. Idan kuma aka ji fashewa a rumbu, a yi nesa, kada a ruga kallo, domin a Mudalipatti fashewa ta biyu ce ta fi kisa.